Zan buɗe ƙaramin shagon kebab: a ina ake sayen nama da sauran kaya, kuma yaya ake tantance masu kawowa?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Ina shirin buɗe ƙaramin shagon kebab, mai injin doner guda ɗaya da murhun gawayi na tsinke. Doner shi ne curin naman da ake jerawa a dogon ƙarfe a tsaye, yana juyawa gaban wuta ana yanko wanda ya gasu. Abin sayarwa ba zai wuce kala uku ba: doner na jan nama, na kaza, sai kebab na niƙaƙƙen nama a tsinke. Ina hasashen sayar da naɗi, wato nama a naɗe cikin burodi, 50 zuwa 70 a rana a farkon lamari. Wuri da kayan aiki sun kusa kammala, abin da ya rage shi ne sayen kaya.

Shin in riƙa sayen daskararren curin doner wanda kamfani ya haɗa, ko in sayi nama wurin mahauci in jera da kaina? Wane ɓangare na dabba ya fi dacewa? Burodi, kayan ƙamshi da miyar da ake zubawa fa, sari ya fi ko saye kaɗan-kaɗan? Kuma me zan duba kafin in amince da mai kawo kaya? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mahauci:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a neman.

Kafin ka je wurin kowa, ka cire farashin ɗanyen kilo daga ranka. Ba shi kake sayarwa ba. Abin da kake sayarwa shi ne naman da ya gasu ya shiga cikin burodi, kuma tsakanin su biyun akwai rata babba. Ga misali da kafaɗar rago mai ƙashi kilo 10. Idan aka zare ƙashi, aka cire jijiya da tantani da kitsen da ya yi yawa, za ka iya tashi da wajen kilo 7. A wuta kuma ruwa da mai za su fita, kusan kashi 30 cikin 100 ya sake tafiya, sai ka tsira da abin da bai kai kilo 5 ba. Idan kana zuba giram 130 a kowane naɗi, naɗi 37 ko 38 ke nan daga kilo 10. Ka ga ainihin kuɗin kilo ya ninka. Mahauci biyu za su iya ba ka farashi daban, mai tsadar ya zama shi ne mai arahar, domin nasa gyararre ne ba ya zubar da komai.

Don haka gwaji ake yi. Ka sayi kilo 5 daga wurin mutum uku, ɓangare iri ɗaya, rana ɗaya. Ka auna a sikelinka lokacin da ya iso, ka sake aunawa bayan gyara, ka auna na uku bayan gashi. Ka rubuta. Wannan takardar ce za ta zaɓa maka mahauci, ba daɗin bakinsa ba.

Maganar ɓangare kuwa, kowane kebab da nasa. Wanda ake yankawa gunduwa-gunduwa a soka a tsinke yana son cinyar rago ko naman gadon baya, saboda minti 8 zuwa 10 kawai yake yi a wuta, duk nama mai jijiya zai fito da tauri. Wanda ake niƙawa ya fi son kafaɗa, wuya ko ƙirji, domin nan ne ɗanɗano yake, kuma injin niƙa ya riga ya karya jijiyar. Kitse ya zama kamar kashi 20 cikin 100. Idan ya gaza 15 kebab zai bushe ya yi gari, idan ya haura 25 zai riƙa tsiyaya a kan garwashi, wuta ta tashi ta baƙanta shi kafin cikin ya nuna. Masu kebab na Adana a Turkiyya kitsen jelar rago suke sawa, suna sara naman da babbar wuƙa maimakon inji, shi ya sa nasu yake da laushi ba ya danƙarewa.

Kada ka sayi naman da aka riga aka niƙa. Ba ka san abin da aka zuba a injin ba, kuma niƙa tana shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa cikinsa gaba ɗaya. Ka sayi tsoka da kitse daban, ka niƙa da kanka ko a niƙa a gabanka, sau ɗaya, da faranti mai huda milimita 6 zuwa 8, kuma naman ya kasance da sanyi sosai. Idan ya ɗumama kitsen yana shafewa, shi ne za ka ga kebab yana sulɓewa daga tsinke yana faɗawa wuta. Gishiri giram 15 zuwa 18 a kilo, a murza har ya yi danƙo a hannu. Albasa a goga ta a matse ruwanta tas kafin a zuba. Tsinken kuma mai faɗi, wajen santimita 2, ba siririn zagayayye ba. Abin da aka niƙa yau, yau za a gasa shi.

Kaza kuma cinya ce, wadda aka zare wa ƙashi. Ƙirji ba shi da mai, a kan injin doner bushewa yake yi. In kana son ka haɗa su, kada ƙirjin ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ka bar ɗan fata a tsakanin jerin. Ka kula da daskararriyar kaza mai araha: wasu ana yi musu allurar ruwan gishiri don su yi nauyi. Ka narkar da kilo 2 a firij a cikin kwando, ka auna ruwan da ya tsiyaye. Idan ya yi yawa, ruwa ka saya da kuɗin nama.

A nawa ra'ayin, ƙaramin shago ya jera curinsa da kansa. Nan ne bambancinka da na maƙwabcinka zai fito.

Mai Injin Doner:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma a kan maganarsa ta ƙarshe ina da ja. Jera curi aiki ne na gwani: a yanka nama fale-fale, a jiƙa shi ya kwana, a jera ana sa kitse a tsakani, a danne, a aske gefen ya daidaita. Idan ya karkace, gefe ɗaya zai ƙone ɗayan yana ɗanye. Mutumin da yake koyon kasuwa da lissafi da ma'aikata a lokaci guda, ba laifi ya fara da na kamfani a jan nama, ya jera na kaza da hannunsa tunda shi ya fi sauƙi. Bayan wata uku ko huɗu sai ya sake shawara.

Sai dai curin kamfani suna ne ya tara su. Ka nemi takardar bayanin abin da ke ciki kafin ka nemi farashi. Ana jera sinadaran ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan ka ga ruwa, sitaci ko garin waken soya sun biyo bayan nama kai tsaye, ka san an cika shi da abin da ba nama ba. Ka duba kashi nawa ne nama, na wace dabba, kuma ko akwai naman da inji ya kankare daga jikin ƙashi. Ana kuma sa sinadarin fosfet don ya riƙe ruwa, a Turai yana zuwa da lamba E450 zuwa E452. Ba shi ne matsalar ba in doka ta yarda da shi a inda kake, amma curin da ya sha ruwa da yawa yana raguwa sosai a wuta, sai gwajin sikelin da Malam ya faɗa ya tona shi. Domin ka samu ma'auni: a Jamus, inda doner ya zama babbar kasuwa, tun 1989 aka tsayar a birnin Balin cewa niƙaƙƙen nama kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na abin da za a kira doner kebab. Wanda ya saɓa wa ƙa'idar dole ya sayar da shi da wani suna.

Batun asalin nama ba wasa ba ne. A 2013 an gano naman doki a cikin kayan da aka rubuta naman sa ne a ƙasashen Turai da dama, kuma yawancin masu sayarwar ba su sani ba, domin kayan sun ratsa hannun dillalai da yawa. Gwargwadon gajartar hanya tsakaninka da mayanka, gwargwadon kwanciyar hankalinka. Ka nemi lambar rajistar kamfanin a hukumar abinci, da takardar halal idan kana buƙata, ka duba sunan hukumar da ta bayar da ranar ƙarewarta. Kowane kwali ya zo da lambar rukuni da ranar sarrafawa, kai kuma ka ajiye rasit.

Girman curi shi ne inda sababbi suka fi asara. Naɗi 60 a giram 130 gasasshen nama kilo 7.8 ne, wato ɗanye wajen kilo 11, kuma wannan idan doner kaɗai kowa ya saya. Kai da kake da kala uku, curi mai kilo 5 na jan nama da wani mai kilo 5 na kaza sun ishe ka fara. Babban curi yana da kyan gani, amma wuta bayansa kawai take gasawa, cikin yana zaune da ɗumi awa da awanni. Wanda ya rage da dare ba a mayar da shi firiza a sake ɗorawa gobe. Ko dai a yanke shi gaba ɗaya a ƙarasa gasa shi a kan faranti a huce shi da sauri cikin awa 2 a sa a firij, ko a zubar. Gara naman ya ƙare maka saura awa ɗaya ka tashi.

Ko a lokacin ciniki, idan layi ya yi tsawo kada a zurfafa wuƙa a yanko inda bai nuna ba. Abin da aka yanko a juya shi a kan faranti mai zafi kafin a naɗe. Hukumomin lafiya a Kanada sun ba da wannan shawarar ta gashi na biyu bayan an samu mutanen da suka kamu da cuta daga irin wannan nama.

Hajiya Mai Girki:

Sannunku da ƙoƙari. Kowa ya tafi kan nama, alhali mai saye burodi yake fara gatsa.

Ɗana, ka samu gidan burodi ɗaya ku yi magana a kan nauyi da faɗi, ba a kan adadi kawai ba. Na naɗi, wato lavash ko makamancinsa, faɗin santimita 25 zuwa 30 ya isa. Na aljihu, wato pita, ka duba ko yana buɗewa ba tare da ɓangare ɗaya ya zama siriri ya yage ba. Gwajinsa: ka ɗumama shi daƙiƙa 20 a faranti, ka zuba nama da miya, ka naɗe, ka ajiye minti 10 kamar wanda za a kai gida. Idan ya tsage a lanƙwasa ko ya jiƙe ya narke, a canja. Ka roƙe su kada su ɗaure shi a leda da zafinsa, gumin da yake yi ne yake kawo fumfuna. Wanda ba za ka ƙarar a kwana biyu ba, ka sa a firiza tun ranar da ya zo. Firij na yau da kullum busar da burodi yake yi.

Kayan ƙamshi a sari sun fi araha, amma ba a sayen buhun garinsu. Kumin, koriyanda da masoro ka saye su ƙwaya, su ne suke daɗewa, ka riƙa soyawa sama-sama kana niƙa na mako ɗaya ko biyu. Wanda aka niƙa yana fara rasa ƙamshi cikin 'yan watanni, kuma a gari ne ake yin algus, a haɗa da sitaci ko dusa ko gishiri. Garin barkono da na tattasai ka saya a rufe daga kamfanin da ya sa sunansa da adireshinsa. Ja mai ƙyalli fiye da kima abin tuhuma ne: a 2005 an janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna a Birtaniya saboda rinin Sudan 1 da aka samu a garin barkono, rinin da ba na ci ba ne. Barkonon da aka ajiye a danshi kuma yana yin fumfuna mai dafi, ka sansana, in ka ji warin ruma ka bar shi. Sumak, wanda ake barbaɗawa a albasa, yakan zo da gishiri a ciki, ka ɗanɗana kafin ka auna gishirin girkinka.

Miya ka haɗa taka, ita ce take dawo da mai saye kuma ba ta da tsada. Yogot ya zama marar sukari, mai kauri. Idan mai ruwa ka samu, ka tace a ƙyalle mai tsabta a cikin firij ya kwana, in ba haka ba miyar za ta tsinke ta jiƙa burodin. Yogot na jiƙa kaza kuwa, giram 150 zuwa 200 a kilo, awa 12 zuwa 24. Lemon tsami kada ya yi yawa a jiƙon kwana, yana lalata naman ya yi laɓo-laɓo. Markaɗen riɗi, wato tahina, man yana tasowa sama, wannan ba lalacewa ba ce, a juya kawai. Ɗaci da warin tsohon mai su ne alamar ya tashi aiki. Mayonis ka sayi na kamfani, ka bar haɗa na ɗanyen ƙwai a shago. Tafarnuwa kuma kada a markaɗa ta a nutsar a mai a bari a waje, a irin wannan yanayin ne ƙwayar cuta mai dafi sosai take yaɗuwa. A sa mata lemon tsami da gishiri, a ajiye a firij, a yi ta kwana biyu ko uku kawai. Ka sani riɗi, madara, ƙwai, alkama da waken soya suna cikin abubuwan da jikin wasu ba ya ɗauka, saboda haka ka san abin da ke cikin kowace miya don in an tambaye ka.

Albasa da kabeji suna jure ajiya, ka saya na mako. Tumatir, latas, kokwamba da na'ana'a kuwa kullum ko bayan kwana biyu. Tumatir ka zaɓi mai tsoka marar ruwa da yawa.

Mai Lissafi:

Ƙari kaɗan a kan gawayi da karɓar kaya. Gawayin icce mai nauyi, manyan gutsattsari, busasshe. Ka zazzage buhu ɗaya ka ga yawan garin da ke ƙasa, shi ma asara ce da ake biya. Wanda yake tartsatsi ko hayaƙi mai yawa bai gama ƙonuwa ba ko ya sha danshi. Kada ka karɓi wanda aka jiƙa da man kunna wuta, warinsa yana kama nama. Tukunyar gas kuma biyu, ɗaya a jiki ɗaya a cike.

Ranar da kaya suka iso, kafin ka sa hannu: ka auna a sikelinka, ka cusa ma'aunin zafi a tsakanin ledoji. Ɗanyen nama kada ya wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, kaza digiri 4, daskararre kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ka ga jan ruwa ya daskare a gindin kwali ko ƙanƙara ta taru a cikin leda, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ka mayar. A firij ɗanye yana ƙasa, dafaffe da ganye a sama, wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Cikin gasasshen nama ya kai digiri 75, abin da ake ajiyewa da zafi kada ya sauko ƙasa da 63. Girman firij ɗinka ne yake yanke yawan abin da za ka saya, ba rangwamen dillali ba. Araha ba ta ado.

Sabon Shiga:

Allah ya saka muku da alheri, Malam, Hajiya, da sauran 'yan'uwa. Na fahimci zan fara da ƙaramin curi. Saura guda: wani dillali ya ce zai kawo mini komai, nama, burodi, leda, har ya ba ni firiza kyauta, in dai zan sa hannu cewa wurinsa kaɗai zan riƙa saye na shekara ɗaya. In karɓa?

Mai Lissafi:

Kada ka sa hannu yanzu. Firizar ba kyauta ba ce, kuɗinta yana cikin farashin kowane kilo, kuma ranar da naman ya canja ko motarsa ta makara ba ka da inda za ka juya. In har kana so, ka nemi wata uku na gwaji, a rubuta wanda ya mallaki firizar, wanda zai gyara ta in ta lalace, da kwanakin sanarwa kafin ya ƙara farashi.

Busassun kaya irin su takardar naɗi marar shan mai, leda, tisu, man suya da gishiri, ba laifi ka haɗa su wurin ɗan sari ɗaya. Amma nama da burodi kowanne ya zama kana da mutum biyu. Ka ba babban kamar kashi 70 ko 80 na odarka, na biyun ka riƙa saye a wurinsa ko sau ɗaya a mako, domin wanda ba ka taɓa yi wa ciniki ba ba zai tashi dominka ranar da ka shiga matsi ba.

Kowannensu ka ba shi buƙatarka a rubuce: ɓangaren nama, da ƙashi ko babu, yawan kitse, nauyin kowace leda, ranakun kawowa da lokaci, mafi ƙarancin oda, da abin da za a yi idan ka mayar da kaya. Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin sanyinsa da motar da yake kawo kayan kafin oda ta farko. Watan farko ka biya kuɗi hannu, in ciniki ya zauna sai ka nemi biyan mako-mako. Kuma kowane ƙarshen mako ka haɗa kuɗin kayan abinci ka raba da cinikin makon. Masu wannan sana'a suna son ya tsaya a wajen kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Idan ya haura, ka fara duba nauyin naman da ake zubawa a naɗi da abin da ake zubarwa da dare kafin ka je neman ragi wurin mahauci.